Aljani Mai Takalmi Ɗaya

Tun muna makarantar kwana nake da tsohuwar rigima da 'yan Gwarzo. Su abin taƙamarsu sunan garinsu ne, wai ko faɗarsa ka yi sai ka ji ƙirjinka ya buɗe: gwarzo, namijin duniya. Mu kuwa 'yan Gude, maƙwabtansu a ƙasar Kabo, sai su ce harafi ɗaya tak ya raba sunan garinmu da gudu, kuma suna linzami ne. Ban taɓa barin maganar ta faɗi ƙasa ba. Nakan ce na ji, ku kuka haifi Isma'ila Gwarzo da ya riƙa ba Janar Abacha shawara kan tsaron ƙasa, amma ƙasarmu ce ta haifi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda ya kafa kamfanin jiragen Kabo a 1980. Wanda ya saba da tashi sama, ina ruwansa da gudu a ƙasa?

Yau dai zan miƙa wa 'yan Gwarzo sandar da suka daɗe suna nema. Roƙona ɗaya, in za su buga su buge ni ni kaɗai, su bar garinmu.

A Janairun 2012 abin ya faru. Ranar 1 ga wata gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, ranar 9 ga wata kuma 'yan ƙwadago suka shiga yajin aiki. Ni malamin makaranta ne a birni, na zo gida hutu, yajin ya ritsa da ni a Gude. Mutum mai sabon digiri kuma babu aikin yi, ai gara gobara. Kullum da safe ina teburin mai shayi, ina koya wa mutane abin da ba su tambaye ni ba.

Akwai wata tsohuwar tsamiya a bakin burtali, can bayan gari. Tun tasowarmu ba a son bi ta gindinta in rana ta take tsaka, balle bayan isha'i. Ita na sa a gaba. Ba musun aljanu nake yi ba, Allah ya kiyaye, sura sukutum ce da sunansu a Alƙur'ani, ta 72. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sun kama haya a tsamiya. Na ce wannan ragowar maguzanci ne. Na ba su labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, da yadda aka yi ta tsoron itaciyar tsafi a Kano har zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau mulki a 1463, aka sare ta bisa shawarar Shehu Maghili, kuma ba wanda ya mutu. Da na ga an yi tsit ana saurare sai kaina ya ƙara girma, na kawo musu wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg, da ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939 yana rubuta sunayen iskoki ɗaya bayan ɗaya, har da birninsu Jangare.

Wani dattijo ya sauke kofinsa ya ce, “To Malam, shi Baturen da ya taso tun daga Amurka, in babu komai a tsamiyar, me ya zo nema?”

Na ce wannan tambaya ce ta wanda bai san bincike ba. Gaskiyar magana, ban da amsa.

Mu biyu ne kaɗai a teburin nan muke cewa ba ma tsoron tsamiyar. Ɗayan wani ɗan tauri ne, sa'an kawunnaina, don haka Kawu nake ce masa. Ba zan kama sunansa ba, za ku ga dalili. Mutum ne da in aka buga gangi ya fara tsuma, za ka ga yana gurza wuƙa a cikinsa kamar mai fere rake, ko alama ba ta yi. Shi bai ce babu aljani a tsamiyar ba. Cewa yake akwai, amma sun san juna, in ya zo wucewa da dare har matsa masa suke yi. Wato ni na ce gidan kango ne, shi ya ce maigidan yaronsa ne. Mutanen gari suna jin mu, suna shan shayinsu.

Ana nan sai ga Larabgana, Larabar ƙarshe ta watan Safar, wadda tsofaffi ke cewa a cikinta bala'o'in shekara ke sauka. Da sassafe kakata ta aiko a kira ni, na tarar da ita da ƙwaryar rubutu. Ta ce, “Maigidan, zo ka kurɓa, na ji an ce yau za ka zance.” Na gyara tsayuwa na karanto mata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfa watan Safar, kuma hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Har gobe ina kan wannan, hadisi gaskiya ne. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, riƙe hadisi a ka daban, saukar da shi cikin gwiwoyi daban. Ta dube ni ta ce, “To sha don ƙurar hanya.” Na ƙi. Ta shanye abinta.

Da la'asar na ci ado. Babbar riga ta farar shadda, an buga ta an ɗura mata sitaci har tana tsayuwa da kanta, farar hula, da baƙin takalmi sau-ciki da na saya a kasuwar Sabon Gari da rabin albashina. Wani aboki ya rage mini hanya a babur zuwa ƙauyen yarinyar da nake nema, tafiyar kamar awa ɗaya ce a ƙafa. Zance ya yi daɗi. Na ba ta labarin Greenberg ita ma, baiwar Allah. Ban farga ba sai da na ji ana rufe ƙofofi.

Ɗan acaɓa ɗaya ya rage a bakin masallaci. Na ce Gude. Ya ce ɗari uku. Na ce kai, tsoron Allah fa? Shekaranjiya Litinin aka janye yajin aiki, an mayar da lita naira 97. Daga 65 zuwa 97 rabi ne ya ƙaru, yaya kuɗin da muka sani naira ɗari zai ninka uku? Har na fara yi masa lissafi a ƙasa da tsinke. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, “Malam, ɗari kuɗin mai ne. Ɗari biyun kuɗin tsamiya ne, yau Larabgana.”

Da mu biyu ne da na biya. Amma ƙannen yarinyar sun rako ni, ita ma tana laɓe a bakin zaure tana ji. Na yi wata dariya irin ta manya, na ce ya riƙe babur ɗinsa, ƙafar da Allah ya ba ni ba ta shan fetur. Baki shi ke yanka wuya.

Wanda bai taɓa tafiyar dare a ƙarshen wata cikin hunturu ba, bai san duhu ba. Wata ba zai fito ba sai goshin asuba, hazo ya shanye taurari, an girbe dawa an kwashe kara, fili fetal, iskar jaura tana shiga ta hannun riga tana fita ta wuya. 'Yar Nokia ɗina mai tocila ta mutu tun magariba, don rabonmu da wuta har an manta. Da farko ina tafe ina fito. Can na tuna an ce fito da dare kiran su ne. Ba wai na yarda ba, na daina ne kawai don leɓena ya bushe.

Na shiga burtali ke nan na ji shi. Shaaa. Shaaa. A bayana, kusa, kamar mai jan ƙafa.

Na tsaya. Ya tsaya.

Na ɗaga ƙafa. Shaaa.

Na ce a raina, kai malami ne, yi tunani irin na masu ilimi. Akuya ce. To wace akuya ce ke jiran mutum ya tsaya ta tsaya? Na ƙara sauri, ya ƙara. Na ce bari in waiwaya, wuyana ya ce ba da shi ba. Na kama Ayatul Kursiyyu, wadda nake karantawa bayan kowace salla tun ina ɗan shekara bakwai, na kai tsakiya ta ɓace mini ɗungurungum, na tsinci bakina yana addu'ar cin abinci. Na nemi Rumfa, na nemi Maghili, na nemi Greenberg, duk sun koma garuruwansu. Abin da ya rage a kaina ƙwaryar rubutun nan ce kawai, da yadda tsohuwa ta shanye ta tas ba ta rage mini ko kurɓi ba.

Sai na ji an ja rigata ta baya.

Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Jiragen Ɗankabo sai sun yi gudu a kan titi kafin su tashi, ni daga tsaye na tashi. Abin kuwa yana biye da ni, shaa-shaa-shaa, har yana karce mini agara. Ban san na iso tsamiyar ba sai da ƙasa ta ƙare a ƙarƙashina, na rufta ramin da ake haƙar ƙasar gini, wanda matan unguwa suka mayar wurin zubar da toka. Rigar ta kifo mini a ka. Na rarrafo waje, takalmi ɗaya ya zauna a ciki, fuska da gashi duk toka, ina numfashi kamar tsohon injin niƙa.

Ina ɗago kai na hango haske. Tocila ce, mutum ne, ɗan Adam mai jini a jika, yana tafe yana 'yar waƙa, da gora a kafaɗa. Na gane tafiyar. Kawu ne. Wallahi ban taɓa son wani mahaluki kamar yadda na so shi a wannan lokacin ba. Na ɗaga hannu biyu, hannayen babbar riga suka baje, na nufe shi da gudu. Na buɗe baki in ce Kawu, tsoro ya mantar da ni ladabi, na kira shi da sunansa na yanka, gatsal, har sau uku, da wata murya da toka ta shaƙe, wadda ni ma ban san ta ba.

Ku tsaya a inda yake tsaye ku duba. Daren Larabgana, gindin tsamiya, wani farin abu ya fito daga cikin ƙasa, ya buɗe fukafukai, ya san sunanka. Kuma kowa ya sani tun yana yaro, ba a amsa kiran dare.

Tocila ta yi gabas, gora ta yi yamma. Kawu ya juya.

Ni kuwa da na ga ɗan tauri guda ya zura, sai na ce shi ke nan, ya hango abin da ke bayana, kuma abin ya fi ƙarfin tauri. Na ƙara mai. Yana gudu ina bin sa, yana waiwaye yana salati, ina kiran sunansa ina cewa ya tsaya, ƙafa ɗaya ƙwas, ƙafa ɗaya tim. Haka muka shiga Gude, karnuka suka ɗauka, jakai suka amsa. Ya haure katangar wani gida da ba nasa ba. Ni na bi ta bayan danga na faɗa namu.

A ɗaki na kunna fitilar ƙwai, hannu na rawa. Na cire rigar. Ga shi nan maƙale a gefenta, ya cusa ƙayoyinsa cikin shaddar: reshen sarƙaƙiya, tsawonsa bai fi kamu biyu ba, irin wanda ake shinge da shi. Tun bakin burtali nake jan abina.

Ina zaune ina kallonsa aka ɗaga labule. Tsofaffi ba sa barci. Kakata ta dubi tokar, ta dubi ƙayar, ta dubi ƙafata ɗaya da safa ta yage. Ta ce, “Maigidan, da ka sha rubutun nan, da ko takalmin ya tsira.” Ta saki labule. Har ta koma ga Allah ba ta gaya wa kowa ba, amma daga ranar ban ƙara zuwa gida ba tare da ƙullin goronta ba, kuma ita ke faɗin adadi.

Da safe na so in ƙi fita, na ga rashin fitar ma magana ce. Na sa silifas na tafi. Teburin mai shayi ya cika har ana tsayuwa, Kawu na tsakiya. Kafin in iso abin ya kai tsawon tsamiyar. Ina zaune ya yi ido uku. Wani ya ce matarsa ta ji kukansa, kamar na jariri kamar na tsoho. Samari suka je suka dawo da shaida: sun ga sawu, ƙafa ɗaya ta takalmi, ɗaya ba takalmi, ga kuma wani jan layi a tsakani, alamar wutsiya. Kawu ya ce shi ba gudu ya yi ba, janyo shi ya yi zuwa cikin gari inda ake da masallatai, don ya san ba zai iya shiga ba. Aka yi ta jinjina masa. Sai ya juyo ya kafe ni da ido, ya ce, “Ko Malam yana da abin cewa? Me Baturen nan ya rubuta a kan mai takalmi ɗaya?”

Ga dama ta samu. Jimla biyu za ta rushe camfin da na yi mako biyu ina yaƙa: jama'a, ni ne, ga ƙayar. Na duba fuskokin nan, na hango dariyar da za a yi, wadda za ta bi ni birni, ta shiga ajin da nake koyarwa, ta isa ƙauyen yarinyar kafin azahar, ta jira 'ya'yana a ƙofar makaranta. Jiya na ji tsoro har na manta sunana, amma bai kai wannan ba. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ba a gaya mana wanne ne babba ba, ni na auna su a kwana ɗaya.

Na kurɓi shayi na ce, “Allah shi ne masani.”

Aka ce Allahu akbar, ɗan boko ya sallama. Nan take aka yanke shawarar a haɗa kuɗi a yi sadakar waina, almajirai su yi sauka, Allah ya raba gari da wannan abu. Faranti ya zo gabana, idon kowa a kaina. Na ajiye naira ɗari biyar. Na ƙi biyan ɗari uku a kawo ni gida lafiya, na biya ɗari biyar a kore ni daga gari. Har wainar na ci, kuma ta yi daɗi.

Niyyata in sulale birni ranar Asabar. Allah bai nufa ba. Ranar Juma'a 20 ga wata da yamma bama-bamai suka tashi a Kano, aka kashe fiye da mutum 150, Allah ya jiƙansu da rahama. Aka sa dokar hana fita. A nan babu wasa. Da wuya ka sami gida a Gude da ba shi da ɗa ko ƙane mai neman abinci a birni, ga waya ba ta shiga. A ranakun nan na ga wani irin tsoro da ba ya gudu, ba ya ihu, sai dai ya zauna a ƙofar gida rungume da rediyo. Akwai wata maƙwabciyarmu da ƙadangare ke sa ta watsar da tulu. Ranar da aka sassauta dokar, da asuba ta yafa mayafi ta hau mota ita kaɗai, ta bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya tana neman ɗanta har ta same shi da rai. Ba ta yi kirari ba, da ta dawo ma ba ta zauna ba da labari ba, tuwo ta ɗora.

Na zaci wannan zai binne zancen aljanin. Ina! Da hankali ya ɗan kwanta sai mutane suka koma masa kamar mai komawa tuwon gida. Na daɗe ina juya dalili. Shi dai na tsamiya an san inda yake kwana, an san lokacin fitarsa, an san hanyar kauce masa, kuma waina tana maganinsa. Na birni kuwa ba a san fuskarsa ba. Ashe har wani amfani na yi wa garinmu, ko da yake ba irin wanda na yi digiri dominsa ba.

Daren da zan koma, aka yi sallama da ni a zaure. Kawu ne, shi kaɗai, ba gora. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi sanyi, ya tambayi aiki. Can ya ce, “Malam, lamba nawa kake sawa a takalmi?”

Na ce, “Arba'in da huɗu, Kawu.”

Ya ce, “Ikon Allah. Daidai da na aljanin.”

Ya zaro shi daga cikin riga, naɗe a baƙar leda, har ya goge masa tokar. Ashe tun asubar ranar ya koma neman tocilarsa da gorarsa kafin gari ya waye, ya leƙa ramin. Wato duk labarin ido uku da wutsiya da ya bayar a teburin mai shayi, yana sane da wanda yake kallo. Na miƙa hannu in karɓa, ya mayar cikin riga.

“A'a. Kai ka riƙe na hagu, ni in riƙe na dama. Namiji ya kauce wa aljani ba abin kunya ba ne, Malam, malamai ma cewa suka yi a nemi tsari. Amma a ce kai ka kore ni? Kai da ko ragon layya sai an riƙe maka? Ranar da na ji wannan zance a bakin wani, ranar za a rataye takalmin nan a teburin mai shayi.”

Na ce, “Kawu, ni ma ai gudu nake yi.”

Ya ce, “Na sani. Abin da ban gane ba, me ya koro ka?”

Na gaya masa. Ya yi dariya har ya dafa bango, yana toshe baki kada a ji mu. Sannan ya share hawaye ya ce in ƙara rantsewa.

Kawu ba ya karanta mujalla, kuma duk ɗan Gwarzon da ya ɗauki wannan ya je ya karanta masa, ban yafe ba. Yarinyar nan kuwa ita ce uwar 'ya'yana yanzu. Ta taɓa gaya mini cewa daren da na ƙi hawa acaɓa ta yanke shawarar aurena, don ta ga namijin da ba ya tsoro. Ta sha tambayata abin da takalmi wari ɗaya ke yi a ƙasan akwatina. Nakan ce na tarihi ne.

Da Babbar Sallar da ta wuce na kai yara gida. Bayan magariba muka taso daga gaishe-gaishe ni da babban ɗana, na nufi burtali don ya fi kusa. Ya riƙe mini hannu ya toge. Ya ce, “Baba, ba a bi ta nan. Yaran gidan Kaka sun ce akwai aljani mai takalmi ɗaya, yana fitowa neman ɗayan, kuma in ya kira sunanka ka amsa shi ke nan.”

Na tsuguna daidai tsawonsa, na gyara murya, na fara: ka ga, ɗana, tun zamanin Sarki Rumfa. Sai iska ta kaɗa, wani abu ya ce shaaa a cikin shinge.

Muka bi ta bayan makarantar firamare. Hanyar ta fi nisa, amma na gaya masa likitoci sun ce tafiyar ƙafa tana da amfani.